Minti Huɗu a Hannun Mai Kebul

A layinmu babu wanda ya san sunansa na yanka. Mai Kebul ake ce masa, ni kuma Baba nake kiransa, don shekara goma sha ɗaya ke nan shagon ɗinkina yana kallon nasa. Gajeren mutum ne mai yawan gyaran murya, kuma in ka kuskura ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji tarihin agogo tun daga farko.

Gyaran injuna yake yi, amma ba irin na kowa ba. Sauran masu gyara in inji ya rikice sai su narka dalma su ɓamɓare ƙwaƙwalwarsa, wata 'yar baƙar aba da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Baba yana ganin wannan rashin tarbiyya ne. Shi inda take zaune a kan allonta yake samunta, ya sake zuba mata umarninta ta wani kebul mai tsinaye shida. Kamfani ɗaya ne ya ƙera kebul ɗin, ya kuma rufe tun kafin in yi aure, kuma kebul ɗin ba ya shiri da kowace kwamfuta sai wata tsohuwa mai shegen nauyi da Baba ke naɗewa a tawul. Matarsa ta taɓa ce min in gobara ta tashi ta san wa zai fara ɗauka, kuma ba ita ba ce.

Maƙalin kebul ɗin ya karye tuntuni. Saboda haka da hannu ake danna tsinayen a kan wasu ɗigogi shida na tagulla, minti huɗu cur, har layin da ke fuskar kwamfuta ya cika. In hannu ya goce a tsakiya, ƙwaƙwalwar ta kulle ke nan, kuma babu irinta a kasuwa. Da wannan minti huɗun Baba ya ciyar da gida ya aurar da 'ya'ya mata uku. Da shi kuma ya ishe mu da alfahari.

Bana injin surfanina ya haukace, in na ce ya yi fure sai ya yi min wani abu kamar ƙafar kaza. Baba ya tsallako da tawul ɗinsa, ya buɗe cikin injin, ya kunna tsohuwar kwamfutar. Na miƙa masa ruwa. Sai na ga ruwan yana rawa a kofi har yana zuba a rigarsa. Na gane dalilin da ya sa wata biyu yana korar masu kawo aiki, wai ba shi da lokaci, alhali yini yake a benci yana karanta tsohuwar jarida.

Ya kai tsinayen bakin ɗigogin, ya janye. Ya sake kaiwa, ya janye. Ya yi gyaran murya har sau uku.

"Hasken shagon nan naki ba shi da kyau, 'yata."

"Haka ne, Baba," na ce, ga rana tsaka tana dukan tebur.

"Ke da kike zura zare a allura ba tabarau, zo in gwada ki. Koya miki zan yi, ba wani abu ba."

Na karɓa na danna inda ya nuna. Ya latsa maɓalli, layin ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Hancina ya zaɓi wannan lokacin ya kama ƙaiƙayi. Baba yana tsaye a kaina yana faɗa ƙasa-ƙasa, kar ki yi numfashi da ƙarfi, kar ki kalle ni, ya kuma ɓoye hannunsa na dama a aljihu. Ban taɓa sanin minti huɗu yana da tsawo haka ba.

Layin ya cika. Muka kunna injin, ya yi fure sak. Baba ya ce ba laifi, ko da yake na ɗan karkata hagu. Ya naɗe kayansa a hankali, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai juyo ba.

"Mai buga takardu na ƙarshen layi, injinsa sati uku ke nan a tsaye. Kina da aiki gobe da safe?"

Riguna tara ke jirana, masu su kuma ba su da haƙuri. Amma tausayinsa ya kama ni.

"Ba ni da komai, Baba," na ce.