Akwatin da Ke Manta Kwanan Wata

Mahaifinmu bai iya hira ba sai da wani abu a hannunsa. In kana so ka ji muryarsa ta yi tsawo, to ka kawo masa abin da ya lalace. Shekarun ƙarfinsa duk a kan benci ya ƙare su, a wani ɗan shago da ke bakin tashar mota, yana gyaran rediyo da kaset, har sunan ya bi shi: Mai Rediyo. Da mutane suka koma jin komai a waya sai sana'ar ta mutu, ya mayar da gidan da ya gina a bayan tashar masaukin baƙi. Direbobi ke kwana a wurinmu, da 'yan kasuwa, da masu jinya a asibitin da ke tsallaken titi. Ni ce auta, kuma ni ke zama a kanta ina ba da makullai.

Yayanmu, babban cikinmu, a gefen bencin nan ya girma. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsa da Baba ba ta wuce “riƙe nan” da “miƙo min wancan” ba, amma a haka suke wuni, kuma ka ga sun ƙoshi da juna. Ranar da Yaya ya ƙona rediyon wani mutum garin gwaninta, Baba ya yi masa laƙabi da Injiniya don tsiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai ga tsiyar ta zama gaskiya. Ya yi karatun, ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, irin nisan da in mun ci abincin rana shi lokacin yake ɗaura takalmin fita. Hutun da zai zo gida kullum yana nan tafe, kuma kullum sai wani abu ya gitta.

Kafin ya tafi ya kafa mana intanet a masaukin. Ya kawo wani baƙin akwati mai jerin fitilu a goshi, ya ɗora shi a kan katakon da ke bayan kantata. Ya ce rauta ce, amma mai tsaro a cikinta, wato ita ce mai gadin ƙofa: ta raba hanyar gida da ta baƙi, don kada baƙo ya leƙa kwamfutarmu. Baƙo in ya kama waifai ɗinmu sai wani shafi ya buɗe a wayarsa yana yi masa barka da zuwa, ya sa lambar da na ba shi tare da makulli, ya shiga. Baba ya tsaya a kan Yaya har ya gama, hannu a baya, yana kallon yadda yake murɗa waya. Abin da kawai ya ce shi ne ɗaurin bai yi ƙarfi ba.

Bayan tafiyarsa, Yaya yana kira, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai in aka miƙa wa Baba wayar, abin tausayi ne da ban dariya. Lafiya? Lafiya lau. Aiki? Da godiya. To, ga uwarka. Daga nan Umma ta karɓe, ta miƙe ƙafa, ta ba shi labarin kowa har da kyanwar maƙwabta. Shi kuwa Baba sai ya yi ta kai da kawowa a kusa, yana gyara labulen da ba abin da ya same shi, kunnensa na wurin.

Sai akwatin ya ɓullo da wata cuta. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, shafin zai buɗe lafiya lau, amma kowace lamba baƙo ya sa sai ya ce ba ta aiki. Direbobi su taru a kaina kamar ni na haifi akwatin. Yaya ya bincika ya gano cewa mantuwa ce: in wuta ta yanke, akwatin ya manta kwanan wata, ya koma shekarar da aka ƙera shi. Lambobinmu kuwa na ranar ne, don haka a wurinsa ranarsu ba ta zo ba tukuna. Abin haushin, ƙofar da Yaya ke bi ta intanet ya shiga akwatin daga can nesa ita ma ba ta buɗuwa sai agogon ya yi daidai. Dole wani a nan ya jona laftof da akwatin ta igiyar waya, ya shiga ciki, ya gyara kwanan da hannu.

Na ce ni zan koya, tunda ni ce a kanta. Baba ya kalle ni ta saman tabarau ya ce kayan wuta ba wasan yara ba ne. Yarinyar da ake faɗa wa haka ta gama makaranta har ta fara mantawa da ita.

Haka aikin ya zama nasa. Da wuta ta dawo sai ya ɗauko tsohuwar laftof ɗin da Yaya ya bari, ya jawo kujera, ya sa wayar a lasifika ya jingina ta da kwalbar biro. Kullum da tambaya ɗaya Yaya ke farawa.

“Baba, fitila nawa ke kunne?”

Baba ya matsa kusa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: wannan koriya ce, wannan tana ƙiftawa, ta ƙarshen ruwan lemo. Laftof ɗin kuwa tsohuwa ce, kafin ta farka sai ka dafa shayi ka sha. A wannan jiran ne ake yin abin da ba a iya yi a waya. Baba, idonsa a kan allo, ya tambaya ko sanyin can ya sauka, ko mai gidan hayar ya gyara famfon da ke yoyo, ko har yanzu yana cin abinci a tsaye kamar wanda aka kora. Yaya ya tambayi gwiwar Baba, Baba ya ce gwiwa tana nan inda ya bar ta. Wani lokaci su faɗa labarin wata rediyo da ta ba su wahala tun ina goye, su yi ta musu kan abin da ya lalace a cikinta. Har dariya na ji Baba ya yi, irin wadda ke sa shi tari. Sannan a zo wurin gyaran, yana danna haruffa da yatsa ɗaya, yana cewa a maimaita masa, wai bai ji ba.

Ni na ɗauka da gaske tsufa ne, har wata rana da hantsi. Wuta ta dawo, aka kira Yaya wayarsa a kashe. Ga wata baiwar Allah da ta kawo mijinta asibiti tsaye a gabana, tana so ta aika wa ɗan'uwanta hoton sakamakon gwaji, katin wayarta ya ƙare, idonta ya yi ja. Baba ya dube ta, ya jawo laftof. Bai tambayi kowa komai ba. Yatsun nan da ke laluben haruffa suka tafi kai tsaye, ya shiga, ya gyara kwanan, ya ce mata ta gwada. Ta gwada ta shiga.

Ya ɗago muka haɗa ido. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya naɗe wayar laftof ɗin a hankali ya ce, “Ɗaki na sama yana bukatar tawul.” Na tafi kai tawul, kuma ban faɗa wa kowa ba, har Umma. Washegari da wuta ta yi halinta, ya kira Yaya ya ce abin nan ya sake rikicewa, shi kuma ya manta ta inda ake shiga.

Mutum ne da ya gyara abin da ya fi wannan wuya da ido rufe. Ni kaina ina kewar Yaya, kewa mai tsanani, amma ni ina da bakin faɗa masa, in yi masa tsiya, in ce ya mance da mu. Baba ba shi da wannan bakin. Akwatin nan shi ne kaɗai hanyar da ya samu, kuma tun daga ranar na daina tsine wa masu ɗauke wuta.

Garin gyaran gira aka rasa ido. Wata ranar hutunsa, bayan sun gyara kwanan, Yaya ya ce a bar shi a ciki, yau sai ya ga ƙarshen wannan cuta. Can sai ga muryarsa cike da murna. Ashe akwatin ya iya tambayar lokaci da kansa daga intanet, wata doka ce da shi Yaya ya rubuta wa mai gadin tun farko take tare masa hanya. Ya ce shi ya ɗaure shi da hannunsa bai sani ba. Ya sassauta dokar, ya sa Baba ya zare wutar ya mayar don gwaji. Fitilu suka dawo, na sa lamba a wayata, ta shiga.

“Shi ke nan, Baba,” in ji Yaya. “Ka huta. Daga yau ba sai ka ƙara kirana ba.”

“Madalla,” in ji Baba. “Allah ya yi albarka.”

Ya rufe laftof ɗin, ya sa ta a jakarta, ya zuge zif har ƙarshe. Da Yaya yana kusa da na maƙure shi, kuma bai san laifin da ya yi ba.

Gyaran ya yi kyau, wannan kam babu musu. Wuta ta ɗauke ta dawo, Baba ya taso daga inda yake ya tsaya a gaban akwatin, ya ciro wayarsa ya gwada, ta shiga, ya mayar da ita aljihu. Wani lokaci ya ɗauki tsumma ya share masa ƙura. Yakan tambaye ni ko baƙi sun kawo wani ƙorafi, in ce babu, ya ce to, haka ake so. Raina ya sha raya min in zare wata waya a ɓoye, amma na san mutumin. Bai taɓa lalata abin da ke aiki ba a rayuwarsa, kuma kallo ɗaya zai yi ya gane hannuna ne. Kiran Yaya ya koma yadda yake da: lafiya, aiki, ga uwarka.

Umma ba ta san sirrin laftof ba, amma ta san mijinta. Ta ce masa in yana kewar ɗansa ya kira shi mana, ai ba haraji ake biya ba. Ya ce ya kira ya ce masa me, alhali ba abin da ya lalace?

Wata yamma yana zaune a kujerar nan ta bayan kanta, sai Umma ta shigo da waya, ta kira Yaya tana ringi, ta danna lasifika, ta ajiye masa a cinya. Ta ce ta bar tukunya a wuta, ta fice, har da jan ƙofa. Yaya ya ɗauka. Suka gaisa, gaisuwar ta ƙare nan da nan. Baba ya waiga inda Umma ta saba tsayawa, babu kowa.

“Baba, wani abu ya lalace ne?”

“A'a,” in ji Baba. “Komai yana aiki.”

Ta lasifikar har ina jin motoci suna wucewa a titin can ƙasar. Na riƙe makullan da ke hannuna don kada su yi ƙara. Na tabbata yanzu Baba zai ce sai an jima.

Sai Yaya ya yi gyaran murya, ya yi magana a hankali, ba irin muryarsa ta aiki ba.

“Baba, fitila nawa ke kunne?”

Baba ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya jingina wayar da kwalbar biro.

“Tsaya in duba,” ya ce, ya jawo kujerar kusa da akwatin. “Kada ka kashe. Ta farkon koriya ce.”