Tambayar da Yaya Bitrus Ya Jinkirta

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Bitrus a Manchester, a ƙasar da bai taɓa niyyar kwanciya cikinta ba. Ni ce ƙanwarsa, Rifkatu, wadda ya ɗauko daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi ya sa ta karatun aikin jinya, kuma ni ya bar wa aikin da ya gagare shi. Bana na ce bari in rubuta wani abu a kansa, don na gaji, kuma a gida ba ni da wanda zan gaya wa na gaji.

Yaya direban bas ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan Wilmslow Road, yana kwasar ɗaliban Fallowfield da safe yana mayar da su da yamma. Ya auri Maureen, haifaffiyar Birmingham amma 'yar asalin Ireland, suka haifi ɗa guda, Ɗanjuma. Yaron na sakandare ciwo ya ɗauke uwar. Bayan an share makoki sai Yaya ya shiga wata damuwa da ban taɓa ganinsa a ciki ba. Shi mutum ne da zai zauna ya jero maka kakanninmu har bakwai ba tare da ya numfasa ba. Amma ta wajen uwar yaron, abin da aka sani bai cika cokali ba: kakan Maureen, wani Patrick Kelly, ya taso daga yankin Mayo na Ireland da matarsa da 'ya'yansa, ya zo Birmingham aikin titi. Shi ke nan. Yaya yakan ce yaron nan da ƙafa ɗaya yake tsaye, kuma shi ba zai mutu ya bar shi haka ba. Burinsa ya samo sunan ƙauyen, ya kai ɗansa ya nuna masa inda jinin uwarsa ya fito.

Da yake ni ce mai kwamfuta, sai aka ɗora mini neman takardu. Nan na koyi abin da ban roƙa ba. Na gane cewa a Ireland sanin yanki ba ya kai ka ko'ina, sai ka san cocin da mutum yake ƙarƙashinsa da kuma ɗan ƙauyensa. Takardun Ingila kuwa, inda aka tambayi mahaifar mutum, Ireland kawai suke rubutawa, kamar a tambaye ni garinmu in ce Najeriya. Tsofaffin takardun ƙidayar jama'a da yawa gobara ta cinye su a Dublin tun kafin a haifi iyayenmu. Abin da ya rage sai littattafan baftisma da na aure na coci-coci, da rubutun fada, wato limamin cocin, kamar kaza ta bi ta kan takarda, sai jerin masu haya a gonaki, sai duwatsun kaburbura. Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi: su ma irinmu ne, ɗan fari sunan kakansa yake ci. Mu dai mukan sakaya da Abba ko Baba Ƙarami, su kuwa Patrick ɗin za su sake rubutawa. Na sami Patrick Kelly a Mayo har na daina murna in na ga wani.

Ana cikin haka muka ji labarin Bridie. Yayar mahaifin Maureen ce, gwaggonta ke nan, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a can. Da wayonta aka zo da ita Ingila. Ta ɓata da danginta tun da daɗewa a kan wata magana da babu mai tuna ta, tana zaune a gidan kula da tsofaffi a Birmingham. Na ce wa Yaya aiki ya ƙare, ya hau mota ya je ya tambaye ta sunan ƙauyen. Ya dube ni kamar na zagi wani babba.

"Rifkatu, surukata ce fa. Ba ta taɓa ganina ba. In faɗa mata ɗaki da tambaya kamar ɗan council, ma'aikacin hukuma? Sai na gaishe ta tukuna, ta san ni."

Haka ya fara zirga-zirga. Duk lokacin da ya sami hutun aiki sai ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya sayi inabi da biskit, ya hau mota zuwa Birmingham. Ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi lafiyarta da ƙafarta da sanyin gari, ya gyara mata bargo, ya saurari ƙorafinta a kan shayin gidan. Ta saba da shi har tana ajiye masa kujera. In ya dawo na tambaye shi ko ya yi maganar, sai ya ce lokaci bai yi ba, kada tsohuwa ta zaci don buƙata yake zuwa. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, Yaya yana gaisuwa. Na yi faɗa har na gaji, domin a irin gidajen nake aiki, na san yadda hankalin tsoho yake zamewa ba sallama.

Ranar da ya ga lokaci ya yi, ya tafi da Ɗanjuma. Bayan gaisuwa ya gyara zama, ya tambaye ta cikin ladabi sunan ƙauyen da aka haife ta. Ta yi masa murmushi, ta ce ya tambayi mamarta, tana kicin tana gasa burodi. Mamar da ta rasu tun Maureen ba ta zo duniya ba. Wata ma'aikaciyar gidan ta raka su bakin ƙofa, ta ce ai da bara ya tambaya, don a lokacin ba ta da hira sai ta ƙauyen, kowa ta kama sai ta faɗa masa sunansa. Babu wanda ya riƙe. Abin da ma'aikaciyar ta iya tunawa kawai, akwai tafki a kusa, da coci a kan tudu. Duk wanda ya buɗe taswirar Mayo zai ga irin taimakon da wannan ya yi mana, don yankin cike yake da tafkuna da coci-coci.

Yaya bai daina zuwa ba. Ya ci gaba da kai mata inabi har ta rasu, shi ya tsaya a kan jana'izarta kamar ɗan da ta haifa. Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba. Ba a daɗe ba zuciya ta buga masa a gida, ya tafi bai ga ƙauyen ba.

Yau da zai dawo, ban san me zai ce ba. Littattafan cocin da muke rubuta wasiƙa muna jiran amsa a kansu, yanzu yawancinsu suna intanet, ina duba su daga kujerata a unguwarmu ta Cheetham Hill. Ɗanjuma, wanda yanzu magidanci ne a Birmingham da 'yarsa ƙarama, ya tofa yawu a kwalba ya aika an gwada, aka jero masa dangi na nesa daga Amurka har Ostireliya. Na tabbata Yaya zai riƙe baki ya ce yanzu asali a yawu ake nemansa? Mun rubuta wa wasu daga cikin dangin. Masu amsawa kaɗan ne, kuma su ma ƙauyen suke nema. Bayan duk wannan wahala na rage ƙauyukan zuwa uku, kowanne da tafkinsa da cocinsa da Patrick ɗinsa. Idona ya yi rauni, bayana yana ciwo, kuma gaskiya zuciyata ta fara fita daga aikin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bai ma shafi Mayo ba. Tun farkon shekarar nan Ɗanjuma ya tsiri zuwa wurina. Ya taso tun daga Birmingham, ya zo da inabi, ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsa mai ɗingishi, ya sha shayi ya koma. Na lura akwai magana a bakinsa, amma ba ya fitar da ita. Bayan tafiyarsa wata rana sai na gane irin zuwan da Yaya yake yi wurin Bridie ne, kwat ɗin ce kawai babu. Na zauna na gwada jero kakannin nan da Yaya yake jerowa. Ishaku babanmu, ɗan Tunau, ɗan Bawa, ɗan Nomau. Daga nan na tsaya cik. Shekaru ina bin kakannin mutanen Ireland, ban taɓa zama na rubuta namu ba, saboda ina ganin ai Yaya ya sani.

Da ya sake zuwa ya durƙusa ya fara: "Gwaggo, ina wuni? Yaya ƙafar? Kin je wajen GP, likitanki?"

Na ce, "Tashi ka hau kujera. Bar gaisuwar nan, kunna wayarka ka ɗauki muryata, ka tambaye ni abin da ya kawo ka."

Ya sunkuyar da kai. "Baba ya ce it's rude, a fara da tambaya wajen babba."

"Babanka ya yi ladabi har ya rasa ƙauye guda. Tambaye ni yau, ina cikin hankalina."

In ana maganar abin da Yaya ya bari, to ga shi nan: ɗa mai durƙusa wa tsohuwa a tsakiyar Manchester, da wata baiwar Allah da ba ta mutu ita kaɗai ba saboda wani direban bas ya ɗauke ta suruka. Ban raina wannan ba, kuma ko a yau ba zan iya cewa ya yi laifi ba. Amma ranar nan da jikan Ishaku ya kunna waya ya ce in faɗa masa kakanninsa, huɗu na iya ba shi. Mutanen Mayo ko ba komai suna da fada da ya rubuta su, wata rana wani mai haƙuri zai gano nasu. Namu ukun da suka rage suna kwance tare da Yaya, kuma babu cocin da ya taɓa rubuta sunansu.