Sumar da na baro a gindin dutse

A gidanmu na Karantina aska ɗaya ce take hawa kan ɗa namiji, ita ce ta Baba. Wanzami ne, ubansa ma wanzami ne, wanda ya taho da zabirarsa a ƙafa daga ƙasar Hausa, ya yi aikin Hajji, ya zauna a Jidda bai koma ba. Tun daga askin suna har na yi gemu, ba hannun da ya taɓa kaina sai na Baba. Duk safiyar Juma'a ni da yayana mukan durƙusa a gabansa, ya jiƙa mana kai da ruwan ɗumi ya yi mana ƙwal. Lokacin Hajji kuwa mu ɗunguma Mina gaba ɗaya, mu shimfiɗa tabarmi, alhazai su yi layi, mu yi ta aski har gashi ya rufe mana ƙafa.

Na fi Yaya hannu, wannan kowa ya sani, har shi Yayan. Kafin ya gama kai ɗaya na gama biyu. Shi ya sa ranar da Baba ya kira mu ya ɗauki zabirar ya ɗora wa Yaya a cinya, ba tare da ya ko dube ni ba, sai na ji kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Ina da zuciya, kuma a lokacin ina ganin zuciyar ado ce. Na tattara kayana na koma Balad, tsohon garin Jidda, na kama aiki a wurin wani Bahadrame, Balaraben kudu, mai sayar da hel, ƙwayar nan mai ƙamshi da ake dakawa a gahawa. A saman sitonsa nake kwana.

Sai suma ta fara taruwa. Wanzaman unguwarmu duk sun san Baba, wanda na je wa sai ya yi dariya ya ce, "Kan nan yana da mai shi." A Balad akwai shagunan aski na Yamalawa da Indiyawa birjik, amma ko sau ɗaya ban shiga ba, kuma in ka tambaye ni dalili ba zan iya faɗa maka ba. Inna takan kawo mini fura a ɓoye. Sai ta ɗaga hulata ta duba, ta ce, "Bar ta ta yi ta tsawo. Ranar da ta ishe ka, ai ka san hanya." Na gane abin da take nufi. Ba sai na ba da haƙuri ba, ba sai Baba ya yi bayani ba, in je kawai in durƙusa ya jiƙa kan, shi ke nan magana ta mutu. Hanyar shiryawa ke nan ɗaya da ta rage mana, ni da shi, don duk mu biyun ba mu iya baki ba.

Ana haka maigidana ya ce in raka shi Indiya sayen hel. Mun hau jirgin ruwa zuwa Bombay, daga nan jirgin ƙasa ya yi kudu da mu har na daina tambayar sunayen garuruwa. Dillalin da ya karɓe mu Bahindu ne, gajere mai yawan dariya, ya yi zaman birnin Adan shekaru, saboda haka yana jin Larabci irin na bakin teku. Da aka gama ciniki ya ce gobe zai kai matarsa ziyara wani dutse, in ina so in zo in ba idona abinci. Maigidana ya ce shi ƙafarsa ta kumbura, ni dai in je amma in riƙe sallata.

Tun daga nesa na hango dutsen, shi kaɗai a tsaye a tsakiyar gonaki, da gini a ƙoƙuwarsa. Da muka isa gindinsa sai kaina ya fara juyawa. Mutane ne ba takalmi, maza da zane ɗaure a ƙugu, suna tafe ayari ayari suna maimaita kalma guda da ƙarfi. Ga tsofaffi ana riƙe da su, ga masu sayar da ruwa, ga masu kuka suna ɗaga hannu sama. Wasu suna kewaya dutsen. Na san ba addinina ba ne, ga gumaka nan a kowace kusurwa an shafe su da ja, amma ƙafata sai tafiya take yi kamar ta san wurin. Dillali ya ce in jira shi a inuwa, za su sayo kwakwa da ayaba.

A inuwar nan na ga wanzamai. Layi guda ne a ƙarƙashin wata doguwar rumfa, kowa da ƙoƙon ruwansa, mutane na durƙushe a gabansu, gashi ya rufe ƙasa. Wallahi sai na ji ni a Mina. Na matsa kusa da wani tsoho ina kallon yadda yake riƙe aska, da yatsu uku, yana farawa daga tsakiyar kai, mu kuwa daga dama muke farawa. Na nuna masa da hannu cewa ni ma ɗan sana'a ne. Ya yi murmushi ya miƙo mini askar na gwada kaifinta a farce. Sannan ya nuna hulata, ya nuna ƙasa a gabansa. Rana tana dukana, sumar ta jiƙe da gumi tana ƙaiƙayi, ga ɗan'uwa wanzami yana yi mini karamci a ƙasar da ban san kowa ba. Na cire hula na durƙusa.

Hannunsa da sauƙi, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya gama ya lakato wani abu rawaya mai sanyi ya shafe mini kai da shi, na ji ƙamshin itacen sandal. Ina miƙewa sai ga dillali da matarsa. Matar ta haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai, shi kuma ya buɗe baki.

"Ya akhi, kai ma ka yi alkawari ne?"

"Wane alkawari?"

"Sumar! Ai ba a aski a nan don zafi. Wanda ya roƙi wani abu ne yake tara suma, ya kawo ta ya ba mai dutsen."

Na waiga. Wani yaro yana share gashin yana turawa cikin kwando, nawa har ya gauraya da na mutane. Ni da na girma ina aske alhazai, ni da na fi kowa sanin cewa aski a wurin ziyara ibada ne, ban kawo wannan a raina ba ko kaɗan. Na ce a dawo mini da abina. Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wanne ne nawa a ciki.

Ban san abin da ya sa na bi su sama ba. Wataƙila ina so in ga wanda ya karɓe mini suma. Matakalar tana da tsawo, dutsen yana ƙona tafin ƙafa, birai suna zaune a gefe suna jiran mai sakaci. Muna hawa dillali yana ba ni labari, matarsa tana gyara masa da yarensu. Wai wani babban abin bautarsu ne yake da 'ya'ya biyu maza, aka kawo masa ɗan itace guda ɗaya da ba a rabawa. Ya ce wanda ya riga kewaya duniya shi zai ci. Ƙaramin ya hau ɗawisunsa ya tashi kamar iska. Babban, mai ƙiba, mai kan giwa, bai je ko'ina ba, ya kewaya uwarsa da ubansa ya ce su ne duniyarsa, aka ba shi. Ƙaramin ya dawo a gajiye ya tarar an cinye. Ya yi fushi, ya tuɓe adonsa, ya aske kansa, ya zo kan dutsen nan ya tsaya da sanda.

Na tsaya cak a kan matakala. Ban taɓa faɗa wa dillalin nan komai game da gidanmu ba, maigidana ma bai sani ba. Na ce, "To ai an cuci yaron." Ya ce a'a, babban ne mai hikima. Na ce in babban ne mai hikima, me ya sa ƙaramin kuke hawa dutse ku gani? Ya tambayi matarsa, suka yi ta musu, sannan ya ce duka biyun suna da gaskiya. Na ce ya koma gida? Ya ce iyayen sun biyo shi sun lallashe shi. Na ce to ya bi su? Shi ya ce ya bi su, matar ta ce yana nan bai motsa ba. Wasu mutane suka wuce mu da sanduna a kafaɗa, an rataya kaya gaba da baya kamar 'yan garuwan Jidda, sai ya shiga wani labarin, na wani ƙato da ya ɗauko duwatsu biyu a sanda ya ajiye a nan ya kasa ɗagawa. Kafin mu kai sama ya ƙara da na uku, wai gunkin da guba iri iri aka haɗa shi, amma ruwan da aka wanke shi da shi magani ne. Na daina tambaya, don kowace amsa sai ta haifi wata.

A farfajiyar waje na tsaya, su suka shiga. Ina jin ƙararrawa da ganguna, hayaƙin turare yana fitowa. Ban ga gunkin ba. Mutane masu kai irin nawa, ƙwal da rawaya, suna wucewa suna yi mini murmushi kamar na gida. Na ja gefe ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina goge sandal ɗin da hula.

A jirgin dawowa abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, shin na yi shirka ko ban yi ba. Wani malami Ba'indiye mai zuwa Umra ya ce tunda ban yi niyya ba babu komai. Wani Bayamale ma'aikacin jirgi ya ce in sake kalmar shahada, na sake, kullum sai na sake. Maigidana ya ce in rufe bakina kawai. Ni dai na ƙudurta cewa Baba zan faɗa wa, duk abin da ya yanke shi ne. Na shirya maganata tsaf, daga farko har ƙarshe, kuma duk a kan gunki na shirya ta.

Washegarin saukarmu na tafi Karantina bayan la'asar. Ashe Inna ta ji labarin jirgin, ta ce wa Baba ina tafe. Na tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ko da yake ba Juma'a ba ce, ga ƙwaryar ruwan ɗumi, ga sabulu, ga tsohuwar askarsa a kan fata. Yaya yana tsaye a gefe. Baba bai amsa gaisuwata da tsawo ba.

"Yalla, zauna."

Na durƙusa. Ya cire mini hula da kansa, ya ɗora tafinsa a kaina. Sumar ba ta fi ta ɗan mako uku ba. A nan na ji hannun yana rawa, rawa sosai, kamar mai jin sanyi. Ya shafa daga goshi zuwa ƙeya, ya sake shafawa.

"Wa ya yi maka?"

Na fara zuba, dutse, gumaka, alkawari, kwando. Ya katse ni.

"Ka yi niyyar ba wani abu ban da Allah?"

"A'a, Baba."

"To halas, shi ke nan. Ba shi na tambaye ka ba. Mutumin, ya jiƙa maka sosai?"

"Ya jiƙa."

"Hannunsa ba ya rawa?"

Na ce, "Ba ya rawa, Baba."

Ya ce madalla. Ya ɗauki askar zai naɗe, ta ƙi, sai da Yaya ya karɓa ya naɗe masa. Inna ta zo ta ɗauke ƙwaryar ta zubar da ruwan a gindin bango.

Da Yaya ya rako ni bakin hanya ya faɗa mini. Tun kafin a ba shi zabira hannun Baba ya fara rawa, shi Yaya yake rufa masa asiri, yana karɓar kan mutane da sunan koyo. Tun daga ranar da ya miƙa zabirar Baba bai ƙara taɓa kan kowa ba. Amma da na tafi Indiya sai ya sa ake sayo masa kankana, yana zama a ɗaki ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, yana bin bayanta da aska a hankali, don ya ce kai ɗaya ya rage masa, nawa. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Na koma ciki na ce, "Baba, zan bar ta ta sake taruwa, wata biyu ma ya isa." Ya ce, "A'a, ya waladi, kada ka zauna da ƙazanta. Yayanka zai yi maka." Ranar Juma'a na zo na durƙusa a gaban Yaya. Baba yana zaune kusa da mu yana kallo, ya sa hannayensa duka biyu a ƙarƙashin riga.