Shanu a Gonar Mai Unguwa

A Bugaje, da an idar da magariba sai mu kewaye murhu, kakata Inna Hajjo tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya. Ɗaya daga ciki ta dawo mini a bara, ranar da wata makarantar kuɗi a Jibiya ta kira ni gwajin koyarwa. Shekarata biyu da gama jami'a ba aiki, kuma mutum ɗaya za su ɗauka.

Tatsuniyar ta wani mutum ce mai ladabi da ya ga shanu sun shiga gonar mai unguwa. Ya sheƙo a guje, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya gaida mai unguwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, aka kawo ruwa ya sha. Sannan ya ce shanu sun yi ɓarna. Mai unguwa ya ce yaushe? Ya ce, ai yanzu haka suna ciki. Kafin a isa, gero ya zama kara.

"Mi ya yi na laifi, Inna?" na tambaya. "Ai gaisuwa ya yi."

"Kai dai, maigidana sarkin tsoro," in ji ta, tana nuna ni da muciya. "Da ya fara da 'yanzu', da an ci tuwo bana."

Darasin da aka ba ni shi ne inda ake ajiye bayanau a jimlar Turanci, wato kalmomin da ke faɗin yaushe ko yaya aka yi abu. Na shirya sosai, wataƙila fiye da kima. Da na shiga aji, na tsaya ina cewa ƙa'idar ba lallai ba ce, masana sun yi saɓani, akwai togaciya. Shugabar makarantar tana duba agogo. Can wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, mu dai a ina za mu sa shi?"

Kunya ta kama ni. Na goge allo, na rubuta jimla uku: ɗaya da bayanau a farko, ɗaya kafin aikatau, ɗaya a ƙarshe. Ɗalibai suka yi nasu, aka kaɗa ƙararrawa.

A ofis shugabar ta ce, "Malamin minti biyar ɗin ƙarshe muka ɗauka. Wancan na farkon kada ya biyo ka ran Litinin."

Ba zan ce na rabu da shi gaba ɗaya ba. Amma na gane, ina jin, cewa taka-tsantsan ɗina ni yake karewa, mai jiran amsa kuwa shi ke asara.