Gidan da na bari babu kowa a takardar Haruna

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a nan Zuru. Ban yi boko ba. Ni nake faɗa, malamar maƙwabtanmu tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Maƙeri ne. Idan manomi ya zo daga Ribah sayen fartanya, ba ya miƙa masa sai ya ji shi ɗan wane ne, jikan wane. Na sha yi masa faɗa kan wannan ɓata lokaci. Da zai leƙo yau ya ga yadda ake datse mutum a takarda, ban san me zai ce ba. Ko'ina gida biyu ake ja: na sunanka, na sunan ubanka. Abin da bai shiga ba ya faɗi ƙasa.

Shekara guda bayan rasuwarsa aka zo ɗaukar yara makaranta. Na kai autanmu Haruna, shi kaɗai namijin da Allah ya bar mana. Ƙanen maigida, Sani, ya raka mu. Malamin baƙo ne, bai san kowa ba. Ya cika gidan farko, ya ɗago kai.

"Inna, sunan ubansa fa?"

Tun da aka kawo ni ɗakin mutumin nan bakina bai taɓa kama sunansa ba. Haka aka rene mu, kuma ni ce mai hararar duk yarinyar da ta kuskura. Na ja mayafi na ce, "Maigida."

"Inna, kowane gida akwai maigida," in ji shi, mutane suka yi dariya. Layi ya yi tsawo. Ya juya ga Sani: "Kai ke riƙonsa? Ya sunanka?"

Sani ya dube ni, yana jira. Kalma ɗaya ce. Na dubi ƙasa.

Daga ranar ya zama Haruna Sani. Takarda ta haifi takarda: ta makaranta, ta asibiti, yanzu ta soja. Ya nemi a gyara, aka ce abin da littafin farko ya faɗa shi ne. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ciwo. Da damina aka haifa masa ɗa, na ji ungozoma tana kiran jaririn jikan Sani. Sani mutumin kirki ne, amma ba shi ya ƙona hannunsa a maƙera don mu ci ba.

Na ɗauka girmama maigida nake yi. Ashe tsoron bakin mata nake ji.

Fartanyoyinsa suna nan a gonaki, maƙerar ta rushe, waɗanda suka san shi suna ta ƙarewa. Abin da ya rage a hannuna nake bayarwa, a buga a jarida, tun da an ce tana kaiwa barikin da ɗana yake. Malama, rubuta, kada ki dube ni. Haruna ɗan Umaru ne, Umaru ɗan Bawa, jikan Gado maƙeri. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.