Kofin Husaina

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne kofin da ba mai shansa. Ina 'yar ƙarama a lokacin, a gidanmu na unguwar Mansur a Makka. Bayan magariba Iya, kakata, takan hau da mu saman soro, ta hura gawayi ta ɗora shayi. Kowa da kofinsa, amma sai ta cika wani ta ajiye a gefenta na dama, tururinsa na tashi shi kaɗai. Wata rana na miƙa hannu, ta buge min yatsu.

"Kul, Zinatu! Mai kwaɗayin banza. Wannan na Husaina ne."

"Ina take?"

"Tana hanya, ya binti."

Daga nan labarin yake farawa, kuma babu Gizo a cikinsa. Kakar kakarta Hassana 'yar biyu ce. Suna 'yan mata a ƙasar Katsina mahara suka ɗauke 'yar'uwarta Husaina a bakin rafi. Aka yi ta sayar da ita har bakin teku, fatake suka ce an sa ta jirgin ruwa zuwa Amurka. A al'adarmu ba a ba ɗan biyu abu a hana ɗan'uwansa. Shi ya sa Hassana, har ta tako da ƙafa zuwa Makka, ba ta taɓa sayen abu ɗaya ba. Awarwaro biyu, ɗankwali biyu, ɗaya a ajiye.

Sai Iya ta lumshe ido ta jero sunayen matan gidanmu, uwa ta haifi 'ya, har ta iso kaina. Sannan ta ce, "Husaina ta haifi..." ta yi shiru. Shirun nan ya fi kowane aljani ba ni tsoro. Gawayi na ƙara, iska na kaɗa mayafinta, ni kuwa ina leƙen kofin ina ganin kamar shayin ya ragu.

"Ba na so a kai ni kabari da wannan giɓin a bakina," in ji ta.

Na girma, na kama aiki a shagon turare kusa da Harami, inda na tsinci ɗan Turanci. Wata rana wata baƙar Ba'amurkiya mai suna Aliya ta zo umra, ta sayi miski kwalba biyu iri ɗaya. Na tambaye ta ko tsaraba ce. Ta yi dariya ta ce a'a, haka matan gidansu suke yi, ɗaya a ajiye. Sun gaje shi daga wata kakarsu baiwa da ta yi aikin gonar auduga, wadda iyayengijinta suka raɗa wa suna Meri. Ta daɗe tana bin sawun asalinta, amma kullum sawun a bakin teku yake ɓacewa.

Da yamma na kai ta gida a tasi.

Iya ta makance a lokacin. Ta shafa fuskar baƙuwar tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Siririya ce, ba ta cin tuwo." Ta jero sunayen kamar kullum, ta kai "Husaina ta haifi..." ta yi shiru. Na raɗa wa Aliya abin da ake jira. Sai ta fara: Meri ta haifi Rut, Rut ta haifi Hana, har kanta. Iya na maimaita kowane suna da karyayyen harshe. Da aka gama ta lalubo kofin ta miƙa mata.

"Sha, kin sha hanya."

Ban sani ba ko jininmu ce. Babu abin da zai tabbatar, kuma mata nawa ne suka rasa 'yar'uwa a bakin ruwan nan? Yanzu ina ganin Iya ma ta san haka. Abin da take nema shi ne wanda zai amsa.

Washegari ta zuba shayi, ba ta ajiye kofin kowa a damanta ba. Kafin azumi ya kama ta rasu. Ni na zauna kusa da ita a kwanakin ƙarshe, leɓɓanta na motsi, tana jero sunayen har ƙarshe ba tare da ta tsaya ba.