Kular Alhaji a Kasuwar Singa

Bazara ce, irin wadda ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin azahar. Shekarar nan ban ji daɗinta ba tun daga farkonta, kullum sai in tashi kamar na manta tukunya a kan wuta. A cikinta ne Alhaji, maigidana, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gidanmu na unguwar Kwaciri yana alwala. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ciwon sukari ya fara leƙowa. Da likita ya gama rubuta magani, ni ya kalla ya ce, "Hajiya, rabin maganinsa a tukunyarki yake. Gishiri da mai da dunƙulen miya, a ja baya da su."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu.

'Yata ta biyu, wadda ba ta rabuwa da waya, ita ta zama malamata. Ta riƙa nuna mini a wayar matan da ke girki babu suya, ganye kore shar a faranti. Na koyi tuwon alkama da faten acca, na koma ga daddawa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi, yadda kakata take miya kafin dunƙule ya shigo gari. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, don haka in na ɗauki gwangwani a Kasuwar Sabon Gari sai in bi bayansa da yatsa a hankali, ina neman kalmar da yarinyar ta nuna mini ta gishiri. Masu shago su yi ta jira, ni kuwa ban iya sauri ba.

Har motsa jiki ta kawo mana. Bayan sallar asuba takan shimfiɗa tabarma ta zaunar da ubanta.

"Baba, ja numfashi. Riƙe. To, sake shi a hankali."

"Ke, wannan ai zaman tahiya ne aka canza wa suna."

"Yoga ake ce masa, Baba."

"To ki gaya wa mai yogar gwiwata tana gaishe shi."

Yana tsokanarta amma yana yi, ni kuma ina jin su daga madafa ina zuba masa abincin rana a kula. Shagonsa na shinkafa da taliya a Kasuwar Singa yake, can yake wuni. Kullum da yamma kular nan takan dawo a share tas, ko loma babu. In na buɗe sai in yi hamdala, in ce ashe ya karɓa.

Sai dai jikin bai karɓa ba. Duk sanda aka auna shi, jinin yana nan sama. Ƙafarsa ta fara kumbura har takalmi yana yi masa shaida. Wata rana 'yata ta same ni ina tsinke zogale ta ce, "Umma, anya ba kya ɗan sa masa gishiri don tausayi?" Miyar da nake yi ni kaina da ƙyar nake haɗiye ta.

Rannan ya fita ya bar maganinsa na rana a kan taga. Dama ina da sayen acca a Sabon Gari, sai na sa hijabi na ce bari in biya in miƙa masa. Rabona da shagon nan an daɗe. Na ratsa tsakanin manyan motoci da masu dako, na isa layinsu ana idar da sallar azahar.

Na same su sun kewaye tabarma a gaban shagon, dattawan layin gaba ɗaya, kowa ya kawo abin da aka ba shi daga gida an jere a tsakiya. Ga shinkafa da miya, mai yana yawo a kanta, ga dambu, ga amala da jar miya daga gidan maƙwabcinsa, wani Alhaji Bayarabe da aka haifa a Fagge. Ga kuma kulata a buɗe. Ina tsaye wani mai farin gemu ya zaro ƙullin yaji daga aljihu ya barbaɗa wa tuwona, ya bi shi da gishiri. Hannun Alhaji kuwa yana cikin jar miyar nan.

Bayaraben ne ya fara ganina. "A'a, Hajiya da kanta! Sannu da zuwa. Dama muna da ƙara. Me muka yi miki kika hana mu gishiri?"

Mai gemun ya ce, "Ƙyale ta, so take mu yi tsawon rai mu ishi jikokinmu."

Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, na durƙusa na gaishe su. Maganin yana dunƙule a hannuna cikin hijabi, na ga Alhaji ya kalli hannun ya ɗauke kai. Nan na gane ba su san komai ba. Na ce wucewa nake na biyo, na juyo da maganin gida. Accar ma ban saya ba.

Da ya dawo bayan magariba na kawo masa ruwa, na zauna a gefen tabarma.

"Alhaji, ashe haka ake cin abincin."

"Haka ake ci tun kafin ki zo gidan nan."

"Da za ka ɗan ware naka."

"In ware in kai ina? In juya wa mutane baya ina ci? Gobe a ce na fara ƙyamar abincin gidajensu, ko ina tsoron a zuba mini wani abu. Bayaraben nan da kika ji yana tsokanarki, tare muka fara dako a kasuwar nan."

"To ka gaya musu abin da likita ya ce."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. "In na faɗa, shi ke nan na zama majinyaci. Kowa ya wuce sai ya ce sannu Alhaji, ya jiki. Ba zan iya zaman kasuwa a haka ba."

Na duba ƙafarsa da ya miƙe, ta yi suntum. Ba zan je gidajen mutane in ce wa matansu su canza miya ba. Ba zan tona abin da ya rufe ba. Kuma na san tabarmar nan tana cikin abin da ke fitar da shi daga gida da fara'a kowace safiya. 'Yata ta leƙo tana tambaya ko ya sha maganin rana, na ce ta je ta duba mini ruwan zafi.

Washegari na sauko da babbar tukunyar da ba na taɓawa sai da salla. Na tuƙa tuwon alkama mai yawa, na yi miyar kuɓewa da kifi, na daka daddawa sabuwa, na tsaya a kanta ina ɗanɗanawa har sai da na ji ko babu gishiri mutum zai iya kai loma ta biyu. Lissafina shi ne in nawa ya fi yawa a tsakiyar tabarma, wataƙila hannunsa ya fi faɗawa ciki. Na san mai ƙullin yaji yana nan. Na cika kula biyu da wani kwanon samira, na ɗaure su a ɗankwali na ajiye a bakin ƙofa.

Alhaji ya fito yana gyara hula, ya tsaya a kansu. "Yau kuma suna ake yi?"

Na ce, "A gaishe su."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka.